Ɗinkin Wuta

Shekara goma sha ɗaya yatsuna
ba su san komai ba sai madannai.
In na yi kuskure in goge, in sake,
ba mai jin ƙauri, ba mai ganin tabo.

Sai wata sha'awa ta kama ni tsakiyar hunturu:
in ƙera wa kwamfutata gida da hannuna,
akwatin ƙarfe mai zagayayyar taga
irin ta jiragen da ke kwana a tashar Gdansk.

Halina ce a ƙasan benenmu,
tsohuwa mai tari da kyanwa uku,
wadda ta shekara talatin da ɗaya
tana ɗinke cikin jiragen ruwa da wuta.
Ta dubi zanena, ta juya tafin hannuna,
ta ce, "Tymon, wannan hannun
ko burodi ya taɓa yankawa?"

Garejinta na warin mai da tsatsa,
dusar ƙanƙara ta toshe rabin ƙofa.
Mako uku ba ta bar ni na taɓa akwatin ba,
sai guntayen ƙarfe daga bokiti.
In haɗa wannan da wancan,
ta ɗaga guduma, bugu ɗaya, su rabu.
In sake haɗawa.

"Kunne ke walda," in ji ta.
"In ka ji kamar ƙwai a cikin mai, kana kan hanya.
In tana tofi tana gardama
ka yi nisa, matso.
Kuma ka daina riƙe numfashi, ba ruwa ka faɗa ba."

Ran da na ɗaga garkuwar fuska
wai don in gani da kyau,
na kwana da yashi a idanu.
Ƙarfe biyun dare ta hawo bene da silifa,
ta yanka ɗanyen dankali ta ɗora mini.
Ko sannu ba ta ce ba.
Ta ce, "Kowa sau ɗaya yake yi."

Farantin akwatin siriri ne kamar murfin gwangwani.
Hannuna ya tsaya daƙiƙa ɗaya tak,
ina tambayar kaina ko na yi daidai,
wuta ta ba ni amsa.
Huda kamar ƙwayar wake,
a gaba, inda kowa zai gani.
A cikin safar fata ɗan yatsana
ya tafi neman madannin gogewa.

Na ce a sayo wani farantin.
Ta ce, "Da kuɗin wa?"
Ta miƙo mini magagari.
Na yini ina gyara bakin hudar
har ta yi sumul, kamar da gangan.

Daren da muka kunna shi a kan teburinta
fanka ta ɗauka a hankali,
shuɗin haske ya cika tagar,
wani ɗan siriri ya tsere ta hudar
ya sauka a kunnen kyanwa.
Ɗinkina na kusurwa ya yi kama da tafiyar maye,
amma ta sa guduma, ta ƙwanƙwasa,
ta ajiye.

Sai ta ce, "Tambayi abin nan naka
ina jirgina na farko yake."
Ta faɗi sunan, na rubuta.
Na daɗe ina kallon allon kafin na ce
an yanka shi tuntuni, a wata gaɓa mai nisa,
an sayar da shi kilo-kilo.

Ta kurɓi shayinta.
Ta ɗora tafinta a kan akwatin,
inda ya fara ɗumi.
"An narka shi ke nan," ta ce.
"To wa ya san inda ya shiga?"

Da safe na koma ofis.
Akwai ƙuna biyu a wuyan hannuna,
ban ja hannun riga na rufe su ba.